Karatun Lantarki da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Wace Hanya Yaranmu Za Su Bi?



Ku dubi abin da ke kewaye da mu yau. Akwai rediyo kusan kowane gida. Akwai salula cikin aljihun manomi da na makiyayi. A kan rufin shaguna ana ganin allon hasken rana, wanda ake kira pano. A garuruwa da yawa famfon shato da rana yake aiki. A gidan likita akwai firijin da ake ajiye maganin rigakafin yara. A ofishin magajin gari akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wadda ƴan lakwal ke kira ordinater.

Duk waɗannan kaya suna da amfani. Amma duk suna lalacewa. In sun lalace, wa zai gyara? Sau da yawa sai an jira mai gyara daga Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 120 daga Dakoro. Kafin ya iso, mata sun koma jan guga, dabbobi sun sha ƙishirwa. In ya zo, kuɗin mota da kuɗin aiki duk gari ne zai biya. Kuɗin nan ya fita ke nan, ba ya dawowa.

Shi ya sa a wannan karo za mu yi bayani a kan karatun lantarki da na kwamfuta. Mene ne shi? Ina ake koyonsa? Shekara nawa ake yi? Wane aiki ake samu da shi? Kuma mene ne aikin uwaye a ciki?

Mene ne wutar lantarki?

Ba a ganin wutar lantarki da ido. Amma wanda ya san shaton ruwa zai gane ta.

Ruwa yana cikin shato can sama. Yana bin tiyo yana saukowa har bakin famfo. In shaton yana da tsawo, ruwan yana fitowa da ƙarfi. In tiyon siriri ne, ruwa kaɗan ke wucewa. In an rufe famfo, ruwa ya tsaya.

Haka wutar lantarki take. Batir shi ne shato. Waya ta jan ƙarfe ita ce tiyo. Makunni shi ne kan famfo. Ƙarfin turin wutar ana auna shi da abin da ake kira bolt. Yawan wutar da ke wucewa cikin waya ana auna shi da amfer. Aikin da wutar ke yi kuwa ana auna shi da wat. In an ninka bolt da amfer, sai a sami wat.

Ga misalai da kowa ya sani. Ƙaramin batirin tocila yana da bolt 1 da rabi. Cajar salula tana ba da bolt 5. Batirin babur da na mota bolt 12 ne. Wutar NIGELEC da ke shiga gidaje bolt 220 ce. Wannan ta ƙarshe tana kisa. Ba abin wasa ba ce.

In aka haɗa rediyo mai son bolt 6 kai tsaye da batir mai bolt 12, rediyon zai ƙone. Tamkar an tura ruwan gulbi ne cikin ƴar ƙaramar hanyar lambu. Rediyo da salula da yawa ta haka suke mutuwa a ƙauyukanmu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mene ne cikin rediyo da salula?

Ilimin lantarki kashi biyu ne. Akwai na babbar wuta: jan waya cikin gida, injin ba da wuta, famfo, injin niƙa. Akwai kuma na ƙaramar wuta, wanda ake kira elektaronik. Shi ne ilimin cikin rediyo da talabijin da salula da kwamfuta.

In aka buɗe bayan rediyo, za a ga wani ɗan allo kore. An jera ƙananan abubuwa a kansa, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar ƙwayar gero. Kowane da aikinsa. Wani yana rage wuta. Wani yana tara ta ya sake ta. Wani yana barin ta ta wuce gaba, ya hana ta komawa baya.

Babba a cikinsu shi ne taranzisto. Mai lambu ya san yadda ake buɗe bakin fangali da ɗan taɓawar hauya, ruwa ya shiga, a sake toshewa ya tsaya. Taranzisto haka yake yi wa wuta. Da ƴar wuta kaɗan yake buɗe wa wuta mai yawa hanya, ko ya rufe ta. Da wannan dabara ce muryar da ta taso daga Yamai, ta iso da rauni, ake ƙara mata ƙarfi har gida duka ya ji.

A Amurka aka ƙirƙiro taranzisto, cikin shekarar 1947. Kafin nan rediyo babban akwati ne mai shan wuta da yawa. Taranzisto ne ya sa rediyo ya ƙanƙance, har makiyayi ya rataya shi a kafaɗa ya bi garke.

Ita kuma kwamfuta fa?

Ana ce mata na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma ba ta da hankali irin na mutum. Lissafi take yi, da sauri ƙwarai. Cikinta taranzisto ne masu ɗimbin yawa. Kowane ɗaya ko yana buɗe, ko yana rufe. Buɗe shi ne 1. Rufe shi ne 0. Da waɗannan alamu biyu kaɗai take rubuta kowane baƙi, kowace lamba, kowane hoto da kowace murya.

Kada wannan ya ba ku mamaki. Ku da kuke ajin yaƙi da jahilci kun ga yadda baƙaƙe ƴan kaɗan suke rubuta duk maganar Hausa. Kun ga yadda lambobi 10 kawai, daga 0 zuwa 9, suke rubuta kowane kuɗi komai yawansa. To, ita kwamfuta da alamu biyu take nata.

Ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, wadda aka nuna wa jama'a a Amurka cikin 1946, ta cika babban ɗaki. Nauyinta ya kusa tan 30. A 1971 aka haɗa taranzisto 2,300 a kan ɗan abin da bai kai farce girma ba. Yau salula mai shafawa tana ɗauke da taranzisto dubban miliyoyi. Wato ita ma kwamfuta ce, ta aljihu.

Kwamfuta ba ta yin kome sai an ba ta umurni. Mutum ne ke zama ya rubuta mata: fara da wannan, sa'an nan ki yi wancan, in kin ga kaza ki yi kaza. Wannan jerin umurni shi ake kira manhaja. Rubuta manhaja sana'a ce mai zaman kanta. Gyaran jikin na'urar wata sana'a ce. Haɗa na'urori su yi magana da juna, daga wannan gari zuwa wancan, ita ma wata sana'a ce daban.

Wannan ilimi ba na Turawa kaɗai ba ne

Wasu suna cewa wannan aikin Nasara ne, ko na ƴan Sin, ɗan ƙauye ba zai iya ba. Tarihin ƙasarmu ya ƙaryata wannan magana.

A Tasawa, cikin jaharmu ta Maraɗi, aka haifi Abdu Mumuni a shekarar 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa. Ya ba da ƙarfinsa ga binciken hasken rana, a lokacin da mutane kaɗan ne a duniya suka damu da shi. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar ƙasa mai kula da amfani da hasken rana. A can aka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun dafuwa masu aiki da rana. Ya rasu a 1991. Babbar jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Ɗan Dikko Ɗan Kulodo shi ma ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyya. Ya riƙe ministan ilimi na ƙasa. Jami'ar Maraɗi da sunansa ake kiranta.

A shekarar 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin a cikin aji. Ƴan shekaru bayan haka aka gwada kunna irin wannan talabijin da allon hasken rana, a inda babu wutar gari. Ƙasarmu tana cikin na farko da suka yi wannan gwaji.

A zamaninmu kuma akwai Abdu Maman Kane, ɗan Nijar masanin kwamfuta. Ya haɗa wata dabara ta ba lambu ruwa daga nesa. Mai lambu yana kiran wata lamba da salularsa, famfo ya tashi. In ruwa ya isa, famfo ya tsaya. A 2015 ya sami babbar kyauta ta duniya a kan sha'anin ruwa saboda wannan aiki.

Duk waɗannan mutane da a, b, c suka fara, kamar yaranmu.

Matakan karatu

Karatun nan kamar tsani yake. Kowane mataki yana da takardarsa, kuma yana da aikin da ake samu da shi. Ba dole ne kowa ya kai ƙololuwa ba.

Mataki na farko shi ne makarantar firamare, shekara 6. Nan yaro ke koyon karatu da rubutu da lissafi. In wannan tushe bai yi ƙarfi ba, sauran ginin ba ya tsayawa.

Mataki na biyu yana da ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce cibiyar koyon sana'a, wadda ake kira CFM. Gwamnati ta buɗe irinta a ƙananan hukumomi da yawa. Tana karɓar yaran da suka bar makaranta, har da waɗanda ba su yi nisa ba. Aikin hannu ya fi yawa a cikinta. Ba kowace cibiya ke koyar da lantarki ba. Sai a je a tambayi shugabanta sana'o'in da ke akwai.

Ƙofa ta biyu ita ce kwalejin fasaha, wato CET. Yaron da ya gama firamare yana shekara 4 a ciki. Yana karatu, yana aikin hannu. A ƙarshe yana neman takardar sana'a da ake kira CAP.

Ƙofa ta uku ita ce kwalejin da aka saba, wato CEG. Ita ma shekara 4 ce, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC.

Mataki na uku shi ne lise, shekara 3, har zuwa jarrabawar bak. Yaron da ke son lantarki ko kwamfuta ya kamata ya nemi ɓangaren lissafi da kimiyya, wato C ko D. Ko kuma ya nemi lisen fasaha. A nan mun yi sa'a, domin lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi yake. Yana cikin tsofaffin makarantun fasaha na ƙasar nan, kuma ana koyar da lantarki a cikinsa. A Yamai akwai lisen sana'a na Isa Beri da cibiyar fasaha ta Kalmaharo.

Mataki na huɗu shi ne karatun gaba da bak. A 2008 gwamnati ta buɗe manyan cibiyoyin fasaha, masu suna IUT, a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010 aka kafa jami'o'i a waɗannan birane uku. A IUT ta Maraɗi ana koyar da ilimin lantarki. Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi ga kwamfuta da sadarwa. A Yamai akwai EMIG, inda ake horar da ƙwararrun ma'aikata da injiniyoyi, akwai kuma IAI, makarantar kwamfuta. Shekara 2 ko 3 bayan bak, yaro ya zama ƙwararren ma'aikaci. Shekara 5 bayan bak, ya zama injiniya.

Mu yi lissafi. Firamare 6, kwaleji 4, lise 3, jami'a 3. Jimla shekara 16 ke nan, in ba a maimaita aji ba. Yaron da aka sa makaranta yana ɗan shekara 7 zai gama yana ɗan shekara 23. Wanda ya bi ta CET kuwa, 6 da 4, shekara 10 ke nan. Yana ɗan shekara 17 ya riƙe sana'a a hannunsa.

Hanyar tana da tsawo, gaskiya ne. Amma wanda ya dasa gawo a gonarsa ya san ba bana zai ci amfaninsa ba.

Me ake koyo a can?

Abu na farko lissafi ne. Ba a yin wannan sana'a da ka. Ga misali da za ku iya yi a kan allo tare da malaminku.

A ce mutum ya sayi allon hasken rana mai wat 100. A ce yana samun rana mai ƙarfi ta awa 5 a yini. 100 sau 5, ya tara 500. Amma wani kashi yana ɓacewa cikin waya da batir da zafi da ƙura. Mu ce abin da ya rage 350 ne.

Yanzu sai a duba abin da gida ke sha. Ƙwan fitila 3, kowane wat 5, na awa 4: 60 ke nan. Rediyo mai wat 5 na awa 4: 20. Cajin salula 10, kowace 15: 150. Ƙaramin talabijin mai wat 40 na awa 3: 120. A haɗa 60 da 20 da 150 da 120. An sami 350. Allon ya isa daidai.

To, in maigida ya ce zai ƙara dutsen guga mai wat 1,000 fa? Kafin rabin awa ya shanye duk abin da aka tara a yini. In ana yi wa batir haka kullum, ba ya daɗewa. Sai a ce mai shago ya sayar da jabu, alhali lissafi ne ba a yi ba. Wanda ya yi karatu yana yin wannan lissafi tun kafin a fitar da kuɗi.

Abu na biyu shi ne karanta zane. Kowace na'ura tana da taswirarta, mai nuna inda wuta ke shiga da inda take bi. Wanda ya iya karanta taswira ba ya lalube.

Abu na uku shi ne aiki da ma'auni. Akwai wata ƴar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda ke nuna bolt da amfer. Da ita mai gyara ke gano wurin ciwo, kamar yadda likita ke auna marar lafiya kafin ya ba da magani.

Abu na huɗu shi ne liƙi da dalma, da cire abin da ya ƙone a sa sabo. Wannan yana son hannu marar rawa, da ido, da haƙuri.

Abu na biyar shi ne kiyaye rai. A kashe wuta kafin a taɓa waya. Kada a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu. Kada a huda batirin salula da ya kumbura, domin yana kama wuta. Ruwan batirin mota yana ƙona fata, dalmar cikinsa kuma guba ce, musamman ga yara. Kada a fasa tsohon batir a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Akwai kuma harshe. Da Faransanci ake koyarwa a waɗannan makarantu. Rubutun da ke jikin kaya kuwa galibi da Ingilishi yake. Yaro ya dage da su duka biyu.

Wane aiki ake samu?

Akwai aikin albashi. NIGELEC, wadda aka kafa a 1968, tana ɗaukar ma'aikatan lantarki. An buɗe tashar wutar rana ta Malbaza a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Kamfanonin salula, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, suna da dogayen ƙarafan sadarwa har cikin daji, kuma kowane yana son mai kula da shi. Gidajen rediyo da asibitoci da bankuna da ofisoshin gwamnati duk suna aiki da na'urori.

Amma mu gaya wa juna gaskiya. Aikin albashi bai isa kowa ba. Akwai masu takarda da yawa da ke zaune suna jira. Alherin wannan karatu shi ne, ko ba a ɗauke ka aiki ba, sana'ar tana hannunka.

Ku dubi kasuwar Dakoro, da ta Sakabal, da ta Kornaka, da ta Sabon Mashi. Salula nawa ke shiga kasuwa a rana ɗaya? Nawa ne a cikinsu gilashi ya fashe, ko ba ta ɗaukar caji, ko ta faɗa ruwa? Pano nawa aka kafa ba bisa ƙa'ida ba? Famfo nawa ke tsaye daga kwarin Tarka zuwa Gulbin Kaba? Duk wannan aiki ne ke jiran mai shi.

Wanda ya iya kwamfuta yana iya buɗe wurin buga takardu da ɗaukar hoto. Yana iya riƙe lissafin ƙungiyar manoma, ko na bankin cimaka, ko na kwamitin ruwa. In lissafi yana rubuce a sarari, zargi yana raguwa a gari.

Saurayin da ke da irin wannan sana'a ba dole ne ya tafi ci rani Libiya ko Aljeriya ba. In ma ya tafi, ya tafi da abin hannunsa. Sana'a goma maganin mai gasa, in ji masu magana, amma ko ɗaya tak aka riƙe da kyau ta fi zaman jira.

Koyo a shago da koyo a makaranta

Wani zai ce: ai ga wane can yana gyaran salula, bai taɓa shiga aji ba. Gaskiya ne. Akwai masu gyara da suka koya wurin maigidansu a Maraɗi ko Katsina ko Kano, kuma hannunsu yana da kyau. Ba a raina su.

Bambancin shi ne, wanda ya koya a shago ya san abin da ya taɓa gani. In sabuwar na'ura ta zo, sai ya yi ta gwaji, wani lokaci kayan mutane su ƙone. Wanda ya yi makaranta kuma ya san dalili, amma in bai saba da aiki ba, hannunsa yana da nauyi. Mafi kyau a haɗa biyun. Ɗan makaranta ya zauna a shago lokacin hutu. Ɗan shago ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya nemi horo. Akwai asusun gwamnati mai suna FAFPA, wanda ke tallafa wa horar da masu sana'a da yaran shago. Ƙungiyar masu sana'a tana iya neman bayani a kansa.

Ƴan mata fa?

Wannan aiki ba ya son ƙarfin damtse. Yana son natsuwa da lura. Yarinyar da ta iya zare da allura, ta iya ƙirga kuɗin asusu, za ta iya liƙi da lissafin wat. Makarantun da muka ambata duk suna karɓar ƴan mata.

Akwai kuma wani amfani. Mata da yawa ba sa son miƙa salularsu ga namijin da ba su sani ba, domin akwai hotuna da saƙonnin iyali a ciki. In mace ce mai gyara a gari, hankalinsu ya fi kwanciya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jaharmu ta Maraɗi a 1991, sun nuna mata suna iya tara kuɗi su juya shi. Irin wannan asusu yana iya saya wa yarinyar da ta gama horo ma'auni da ƙarfen liƙi.

Aikin uwaye

Na ɗaya, a yi wa yaro takardar haihuwa tun yana jariri. Ba a yin jarrabawa sai da ita.

Na biyu, a bar yaro ya je aji kullum. Makaranta tana buɗewa a watan Oktoba, lokacin da aikin kaka bai ƙare ba. A yi haƙuri a sake shi. Lissafi sarƙa ne, in ƙwaya ɗaya ta ɓalle, sauran ba sa haɗuwa.

Na uku, a lura da yaro mai son kwance tocila ya ɗaura. Kada a doke shi. A ba shi mataccen rediyo ya yi ta bincike, amma a nisanta shi da wutar gari.

Na huɗu, a je wurin daraktan makaranta tun kafin ƙarshen shekara, a tambayi hanyoyin da ke akwai da takardun da ake nema.

Na biyar, in yaro zai tafi Dakoro ko Maraɗi karatu, a sama masa masauki na kirki. A ware masa damin hatsi tun da kaka. Yara da yawa ba don rashin ƙoƙari suke dawowa gida ba, sai don yunwa da rashin mai kula. Wanda ya ci bak da sakamako mai kyau yana iya neman tallafin karatu daga hukumar ANAB.

Na shida, a yi hattara da makarantun kuɗi. Akwai nagari, akwai waɗanda suna kawai gare su. Kafin a sayar da sa ko rago a biya, a tambaya: gwamnati ta yarda da makarantar? Takardarta tana da amfani? A shiga a gani da ido: akwai ɗakin aiki? Akwai na'urori, ko a kan allo kawai ake zana su? Ba a koyon iyo a tudu.

Mu manya ma da namu rabo

Kada dattijo ya ce shi lokacinsa ya wuce. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na jahohin Doso da Damagaram. A wasu azuzuwan an koya wa manya rubuta saƙo da salula. A wasu ba a koya ba. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka yi aiki da salula sun fi ƙoƙari a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: abin da ake amfani da shi kullum ba a mance shi.

Saboda haka kowa ya gwada. Ka rubuta sunan ɗanka cikin salula da hannunka. Ka karanta saƙon kuɗin da aka aiko maka, kada wani ya karanta maka. Ka duba lambar da ke rubuce a jikin caja da batir kafin ka saya. Uban da ya san bolt da wat ba a cutarsa a kasuwa, kuma shi ne zai gane darajar karatun ɗansa.

Ƴan uwa, rana muna da ita har ta yi yawa. Na'urori sun riga sun shigo garuruwanmu. Abin da ya rage shi ne masu sanin kansu, daga cikin ƴaƴanmu. Kowane gari ya yi shawara, ya ga yaro ko yarinyar da za a tsaya wa har su kai. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Na'urori nawa ne a garinku suka lalace, ba a sami mai gyara ba?

2. A bara, nawa gari ya kashe wajen kiran mai gyara daga nesa?

3. Ƙwan fitila 4, kowane wat 5, na awa 3: nawa suka sha?

4. Yara nawa ne daga garinku ke kwaleji ko cibiyar koyon sana'a? Nawa ne mata a cikinsu?

5. Me gari zai iya yi don taimakon yaron da ya tafi karatu nesa da gida?